Dutsen Washi Ba Takobi

Taurin kai a gidan Hurskainen gado ne, kamar dogon hancinsu. Riikka ta samo nata wajen ubanta Raimo, shi kuma wajen uwarsa Lempi, wadda ta ƙetaro iyakar gabas tana 'yar yarinya lokacin yaƙi, ta bar gidansu da saniyarsu a ɗaya ɓangaren. Ta rayu a nan Finland har ta tsufa, amma ba ta taɓa kiran gidan da ta haifi 'ya'yanta a ciki da sunan gida ba.

Raimo mai saran itace ne. A bayan rumfar itacensa akwai dutsen washi, irin mai kama da taya wanda ake juyawa da hannu. Tun Riikka ba ta kai tsawon mariƙin ba take juya masa shi, shi kuwa yana ɗora bakin gatari yana zuba ruwa. Ba sa hira. Mutanenmu na gabas idan sun zauna tare suka yi shiru, to zumunci ke nan. Wata rana dai ya ga hoto a jarida na waɗanda suka gama digirin dakta, kowa da doguwar baƙar hula da takobi a ƙugu. Al'adarmu ce, a jajibirin bikin a wasa takubban, sabon dakta ya riƙe takobinsa, wanda ya fi kusa da zuciyarsa ya juya masa dutse. Raimo ya daɗe yana kallon hoton.

"Ke, yarinya," ya ce. "Kin juya mini ya isa. Ki yi karatu. Wata rana ni zan juya miki."

A bakin Raimo wannan doguwar huɗuba ce, kuma Riikka ta riƙe ta.

Tana sakandare hankalin Kaka Lempi ya fara gushewa. Wata safiya gab da shigowar hunturu, tsohuwar ta ɗaura kallabi, ta ɗauki gutsuren baƙin burodi, ta shiga daji ta nufi gabas, wai za ta je ta tatsi saniya. Duk ƙauyen ya fita nema da karnuka. Da aka same ta, tana kwance a gindin wata bishiya, sanyi ya riga ya gama da ita, kuma wurin ba shi da wani nisa da hanyar da masu neman suka yi ta bi. Riikka ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Sai dai daga ranar ta san abin da za ta karanta.

Shekaru ta yi a jami'a, a babban birni, tana fama da wata na'ura da ake ɗaura wa ƙaramin jirgi maras matuƙi. Na'urar tana gano ɗumin jikin mutum ko yana ƙarƙashin ganye mai duhu, ta kuma bambance shi da barewa ko dutsen da rana ta gasa. A kanta ta yi digirin farko, ta yi na biyu, ta shiga na dakta. Ƙawayenta suka yi aure suka haihu, ita tana ɗakin gwaji da kofi mai sanyi. A gwajin ƙarshe na'urar ta gano wani malaminsu da ya ɓuya cikin rami ya lulluɓe da rassa. Ta buga wa ubanta waya ta faɗa masa. Raimo ya ce, "To, madalla," sannan ya fita ya ba duk wanda ya haɗu da shi a kanti labari.

A shekarar ne yaƙi ya cika talabijin, a wata ƙasa mai nisa, kullum ana nuna gidaje a rushe da yara cikin ƙura. Ɗalibai suka kafa tantuna a gaban babban ginin jami'a, suna neman a yanke hulɗa da wani kamfanin makamai da ke ba da kuɗin bincike. Riikka takan wuce su da sauri, tana ganin yara ne da suka samu dalilin gudun aji. Sai ranar da shugaban sashensu ya kira ta, fuska a sake, ya ce mata albishir, kamfanin nan yana son aikinta.

"Me za su yi da shi?" ta tambaya.

"Abin da yake yi mana. Gano mutane a ƙarƙashin itatuwa."

"In sun gano su fa?"

Shugaban ya gyara tabarau ya ce wannan ba hurumin masu bincike ba ne, kuma aikin da aka yi a ɗakin gwajin jami'a mallakar jami'a ne. Riikka ta tuna labarin da kakarta ta sha ba ta, na yadda suke kwanciya a gindin bishiya su rufe kai in sun ji ƙugin jirgi, bishiyar kaɗai ce ke tsakaninsu da mutuwa. Ranta ya ɓaci. Daga ofishin ba ta koma ɗakin gwaji ba, tantunan ta nufa.

Wani dogon ɗalibin falsafa mai suna Aarni ne ke jagorantar zaman, da amsa-kuwwa rataye a wuya. Ya dube ta sama da ƙasa.

"Anti, kin ɓata hanya ne? Ɗakin karatu yana can."

"Wa ya kafa wannan tantin?"

"Ni. Me ya faru?"

"Allah ya sa falsafarka ta fi ƙullin igiyarka ƙarfi. Matsa."

Ta tumɓuke turakun ta sake kafawa yadda 'yar daji ke yi, sannan ta karɓi amsa-kuwwar ta faɗa wa taron abin da aka faɗa mata a ofis. Ba ta iya jawabi ba, ta yi ta in'ina, amma kowa ya kasa kunne. Tun daga nan ta zama tasu. Suna kiranta Anti don tsokana, ita kuma tana kiransu 'yan renona. Ruwa ya dake su, ƙanƙara ta zo ta same su a nan. Wasu suka gaji suka koma ɗakunansu masu ɗumi, wasu sababbi suka zo. Kowace Alhamis sai ta dafa musu miyar wake a babbar tukunya kamar yadda ake yi a kowane gida, Aarni yana ƙorafin gishiri yana ƙari. An kira ta gaban kwamiti, an ja mata kunne a kan makomar aikinta, ko gezau ba ta yi ba. A gaban 'yan renonta ta ɗaga hannu ta yi alkawari cewa muddin yarjejeniyar jami'ar da kamfanin tana nan, ba za ta karɓi takobi daga hannun jami'ar ba. Hula za ta sa, don guminta ne. Takobi kuwa a'a.

Faɗar hakan a gaban ɗalibai masu tafi abu ne mai sauƙi. Wuyar tana ƙauye, a teburin ɗakin girki, gaban ubanta, mutumin da ya yi aikin soja a ƙuruciyarsa kamar kowane namiji a ƙasar nan, wanda kuma har yau yake goge takalmansa na soja duk shekara. Ta je da hutun Kirsimeti. Sai da ya zuba mata kofi ya yanka burodi sannan ta faɗa.

Raimo ya ajiye wuƙar. "Takobin ado ne. Ko albasa ba ya yankawa."

"Na sani, Baba."

"To mene ne na fitina? Ke kin san dalilin da ya sa muke magana da harshenmu a wannan teburin? Don wasu sun riƙe bindiga ne. Ba tanti suka kafa ba."

"Ban ce a bar iyaka a buɗe ba. Na ce abin da na ƙera don a nemo irin su Kaka, kada a nemo su da shi a kashe."

"Kada ki sa uwata cikin wannan shirmen."

"Ita ce ta fara sa ni."

Ya miƙe ya ɗauki hularsa. A bakin ƙofa ya tsaya, bai juyo ba. "Na faɗa wa duk garin nan zan juya wa 'yata dutse. In babu takobi, me zan je yi? In zauna ana kallona? Ba za ni ba."

Ya fita, ta ji saran gatari har duhu ya yi. Ta koma birni washegari. Uwarta ta rasu tun tana ƙarama, ba ta da wa ba ta da ƙane. Duk duniya mutum ɗaya take so ya ga wannan ranar, kuma shi ne ta ɓata wa. Ta buga waya da sabuwar shekara, suka yi maganar ƙanƙara da farashin itace, suka ajiye. Haka suka yi ta yi har hunturu ya wuce. Shi bai tambaya ba, ita ba ta janye ba.

Aarni ma sai da ya tausaya. "Anti, ki karɓi abin nan kawai. Wallahi ba wanda zai ce komai. Mu rataye shi a tanti mu riƙa yanka tsiran alade."

"Ni zan ce wani abu," ta ce. "Miƙo mini ludayi."

Jajibirin bikin ya zo a ƙarshen watan Mayu, lokacin da rana ke ƙin faɗuwa. Zauren ya cika da baƙaƙen kwat da dogayen riguna. An girke dutsen washi a tsakiya, an yi masa ado da ganye. Ana kiran suna, sabon dakta ya fito da takobinsa, miji ko mata ko uwa su kama mariƙi su juya, a zuba ruwan inabi mai kumfa a kan dutsen, a yi tafi. Ta tagogi ana hango tantuna, da 'yan renonta tsaye a jere riƙe da ƙyallaye, shiru, don ta roƙe su kada su yi ihu. Kujerar da ke gefenta, mai ɗauke da sunan ubanta, babu kowa a kai.

"Riikka Hurskainen."

Ta tashi ta taka zuwa dutsen, hannuwanta biyu a sake, babu takobi. Aka fara ƙus-ƙus. Farfesan da ke jagorantar bikin, dattijo mai kirki, ya matso ya rage murya.

"'Yata, akwai na aro a baya. Ba wanda zai gane."

"Na gode, ranka ya daɗe. Ba mantuwa na yi ba."

"To, mai juya miki fa?"

Ta tsaya ita kaɗai gaban dutsen, kunya da baƙin ciki suna cin ta, amma ƙafarta ba ta motsa ba. Ta yi niyyar ta tsaya daidai lokacin da kowa ya tsaya, sannan ta koma ta zauna.

Sai aka ji kujera ta yi ƙara can baya, kusa da ƙofa, inda masu hidima ke tsayawa. Wani tsoho ne ke tahowa cikin kwat ɗin haya da ta matse shi a kafaɗa, hannunta bai kai wuyan hannunsa ba. Tafiyar mai saran itace yake yi, kamar yana tsallake saiwoyi. Raimo bai dubi kowa ba. Ya zo ya tsaya, ya dubi dutsen, ya shafa gefensa da babban yatsa, ya ɗan taɓe baki, alamar bai kai na gida ba.

"Har yanzu ban yarda da ke ba," ya ce.

"Na sani, Baba."

"Na biyo ta wajen tantunan nan. Ke kika ƙulla igiyoyin?"

"Ni ce."

"Na gane ƙullin." Ya tofa yawu a tafin hannu, a gaban farfesoshi da matansu, ya kama mariƙin. "Uwata ma hannu rabbana ta shigo ƙasar nan, ba wanda ya tsaya mata. Zuba abin."

Riikka ta karɓi kwalbar ruwan inabin ta zuba. Raimo ya juya. Dutsen ya yi ta zagayawa babu ƙarfe a kansa, babu tartsatsi, sai kukan mariƙi da ɗigar ruwa a kasko. Sauran masu juyawa sau biyu ko uku suke yi don hoto su saki. Shi kuwa ya dage kamar gatarin gari duka ke jiransa, gumi na tsatsowa a goshinsa. Ba a yi tafi ba. Wata mata a layin gaba ta sa hannu ta rufe bakinta. Riikka, wadda ba ta yi kuka a jana'izar kakarta ba, ta tsaya riƙe da kwalba hawaye na sauka har kan rigarta.

Jami'ar ba ta soke yarjejeniyar a wannan shekarar ba, kuma Riikka ba ta sake samun ɗaki a sashensu ba. Tana koyar da lissafi a wata sakandare yanzu, Alhamis kuma tana gaban babban gini da tukunyarta, tare da sababbin 'yan reno da ba su ma san Aarni ba. Raimo har gobe yana cewa shirme ne. Amma duk lokacin da sanyi ya kusa, sai an ga tsohuwar motarsa ta tsaya a bakin titi, ya sauke musu busasshen itace, ya zagaya tantunan yana jan igiyoyi ɗaya bayan ɗaya, ya ga ko akwai wadda ta yi sako-sako.