Yarima da Sarkin Yaƙi a Bakin Babana

Har yau idan na ji kukan jirgin ƙasa, sai in tuna benci mai sanyi na gidan sinimar Kafanchan, da ƙanshin soyayyiyar gyaɗa a aljihun babana. Ma'aikacin reluwe ne, ni kuma 'yar lelensa. Ba na jin Indiyanci, shi ma ba ya ji, amma shi yake fassara mini komai kamar a can aka yanke masa cibiya.

A daminar da na shiga aji biyar muka kalli fim biyu na sarakunan dā. A na farko, wani yarima ya ajiye rawani saboda wata mai rawa, kuma yadda yake sonta a farko haka ya mutu yana sonta. Na sha kuka. Baba ya yi tsaki, ya ce wannan wawa ne, bai koyi komai ba.

Na biyun labarin sarkin yaƙi ne da ya bar matarsa a ƙauye. Da fari yana aiko saƙo, daga baya ya rage, a ƙarshe ya auri 'yar sarki, ko waiwaye babu. Na tsane shi. Baba kuwa ya ce wannan ne mutum, ya girma, ya san inda ci gabansa yake. Har ya ce in ba Mama labarin, kada in rage komai.

Washegari na same ta tana shanya citta, na zazzage mata duka, ina kwaikwayon muryar Baba don ta yi dariya. Ba ta yi ba.

"Baban ka ne ya ce ka gaya mini?" ta tambaya da Hausarta ta Kagoro.

Na ce e. Ta ci gaba da juya cittar.

Kafin Kirsimeti aka yi wa Baba canjin wurin aiki, ya tafi ya bar mu. Wasiƙa uku ya aiko. Ta huɗu daga fasto ta zo, cewa Baba ya yi wani aure.

Yanzu sinimar ta zama shaguna, jikokina a waya suke kallo. Na yarda fim na biyu ya fi tsari, domin haka mutane ke canzawa, kaɗan-kaɗan. Tafiyar Baba na yafe tuntuni. Abin da na kasa yafewa shi ne, da bakina ya sallami uwata, ina dariya.