Bandar Kifin Gwaggo

Gwaggo ce ta raine ni, a wani ƙauye da ke bakin fadama, gabas da Haɗeja. Ƙanwar mahaifina ce, kuma da yake sunan mahaifiyarta na ci, ba ta taɓa kirana da sunana ba, sai dai Uwata. Sana'arta banda. In ruwan kogi ya janye bayan damina yakan bar tafkuna nan da can, masunta su yi ta kamun tarwaɗa da karfasa, ita kuma ta saro ta kyafe a bayan ɗakinta. Da wannan hayaƙin aka yi mini karatu.

Karatun ya kai ni kudu, bakin teku, inda na samu aiki a ɗakin gwajin abinci. Aikina neman guba a jikin kifi da sauran naman ruwa. A teku akwai wasu ƙananan tsirrai, dangin gansakuka, waɗanda ido ba ya gani sai sun yi yawa sun rina ruwa. Wasunsu suna haɗa guba a jikinsu. Ƙaramin kifi ya ci su, babba ya ci ƙarami, gubar ta yi ta taruwa. Ba ta wari, ba ta ɗaci. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne wuta ba ta yi mata komai: a soya, a dafa, a kyafe, tana nan yadda take. Na taɓa ganin mutumin da ya ci irin wannan kifi, leɓensa ya mutu, ya taɓa ruwan sanyi yana cewa ƙona shi yake yi.

Wata bazara na zo gida, na tarar tafkin bayan gari ya yi kore shar kamar an zuba fenti. Ciyawar kachala ta toshe hanyar ruwa, taki na gangarowa daga gonakin shinkafa, ga zafin rana. Na san ruwan tafki ma yana da tasa gansakukar mai guba, wadda ita hanta take ci a hankali. Na kuma san ba kowane koren ruwa ke da guba ba, sai an gwada. To ni ce mai gwajin, amma ko cikin kwalba ban ɗiba ba. Na ce wa kaina ai hutu na zo. A gaskiya tsoro nake ji in gwada in samu, sannan in tsaya gaban Gwaggo in ce mata ta kashe wutarta. Na bar garin kowa na cin kifinsa, na koma bakin aikina ina tsare lafiyar mutanen da ban sani ba.

Bayan na koma, wani direban garinmu ya kawo mini kwali ɗaure da igiya. Bandar Gwaggo ce, baƙa siɗik, tana ƙyallin mai, ƙamshinta ya cika ɗaki. Na kasa ci, na kasa bayarwa. Na ƙulle ta a leda na kai bola. Da ta sa aka kira ni a waya, sai na ji bakina yana cewa, "Gwaggo, kifin nan ya yi daɗi." Ban tsaya nan ba ma, don ni in na fara ƙarya sai na yi mata ado: na ce miyar kuka na yi da shi, har maƙwabta suka leƙo. Ta yi dariya har da tari.

Daga nan kwalin ya riƙa zuwa kowace shekara, kuma kullum sai ya fi na baya girma. Ni kuma ina zubarwa ina yabawa. Na riƙa ganin kamar dabara ce ta mai hankali, tunda ba na ci, ita kuma ranta na fari.

Bana aka aiko mini cewa ba ta jin daɗi, na taho. Na same ta zaune a inuwar ɗaki, ta rame, farin idonta ya yi rawaya. Gabanta da 'yar tukunya tana tsakura. Na leƙa, na ga hantar kifi da ƙwai da kayan ciki a cikin romo.

"Gwaggo, ina tsokar?"

"Tsokar ai taki ce, Uwata," in ji ta. "Ƙarfi ya tafi, ba na iya kyafe da yawa yanzu. Ɗan abin da na samu sai in tara miki, tunda kina so. Ni wannan ya ishe ni."

In akwai gubar nan a kifi, a hanta da kayan ciki ta fi taruwa, su ne farkon abin da muke cirewa mu gwada a wurin aiki.

Na kai ta asibiti a Haɗeja, likita ya ce hanta ce. Abubuwa da yawa suna taɓa hanta, na san su, na jera wa kaina su ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya sanyaya mini zuciya. Gwajin da zan yi wa tafkin yanzu ba zai gaya mini abin da ke cikinsa bara da bara waccan ba.

Da muka dawo gida na durƙusa gabanta na faɗa mata duka: koren ruwan, da gubar da wuta ba ta kashewa, da bolar. Na sunkuyar da kai ina jiran faɗa, don Gwaggo ba ta yafe wa mai zubar da abinci. So nake ta zage ni, ko na samu sauƙi.

Can ta ce, "Wato ko sau ɗaya ba ki ci ba?"

"Ko sau ɗaya, Gwaggo."

Ta sauke ajiyar zuciya, ta shafa fuskarta da hannu biyu.

"To alhamdulillahi," ta ce. "Da kin ci ya taɓa ki, Uwata, ina zan sa kaina?"