Kwallin Gwaggo Lubabatu

Na iso Djougou da hantsi, na tarar da Gwaggo Lubabatu zaune a kan kifaffen turmi, ta matse wani toron agwagwa tsakanin gwiwoyinta. Idonsa ɗaya ya kumbura ya rufe, kumfa na fita ta gefe. Ta tsoma tsinken kwalli a tandu, ta ɗaga fatar idon da babban yatsa, ta zizara masa. Ko goge tsinken ba ta yi ba, ta sake tsomawa, ta zizara wa nata idon. 

"Gwaggo, me kike yi haka?"

"Ka ga ɗan lakwal, ɗan boko! Ko sallama babu? Kwalliya muke yi, ni da Kwamanda."

Kwamanda shi ne toron. Ta sa masa sunan ne don yana tafiya da ƙirji a gaba, kamar Bafaranshen da ya mulki garin kafin a ba mu ƙasa.

Gwaggo yayar mahaifina ce. Allah bai ba ta haihuwa ba, ita ta riƙe ni tun daga yaye. Mahaifinsu falke ne, yana bin ayarin goro zuwa Gwanja, kuma tandun nan na fata nasa ne. Takan ce idan ayari ya yada zango, sai ya fara zizara wa jakinsa kwalli saboda ƙuda, sannan ya sa wa kansa, da tsinke guda. Wai wanda ya ɗaukar maka kaya, ba ka ware masa tandu. A kan wannan ta tashi, ba ta taɓa ganin aibunsa ba.

Ta auri Malam Badamasi, mai karantar da Alƙur'ani a zauren gidansu. Ya rasu shekarar da Dahomey ta samu 'yanci, ya bar mata gida da kududdufin da ke bayansa. Bayan ta fita takaba, wata mata daga Onklou da Malam ya taɓa yi wa addu'a ta kawo mata 'yan agwagi biyu a kwando. Daga su ne gidan ya cika. Maƙwabciyarta Ummuhani kan leƙo ta katanga ta ce, "Lubabatu, matar malam guda da kiwon ƙazanta?" Gwaggo ta ce, "Su dai kullum sai sun yi wanka. Mai gidanki fa?" Su kwashe da dariya, Ummuhani ta koma da ƙwai a gefen zane. Ni ma da ƙwan nan na yi lakwal, dafaffe a aljihu kowace safiya.

Bara aka zo faɗaɗa hanya, aka cike kududdufin da jar ƙasa. Ita agwagwa sai ta nutsa kai cikin ruwa take wanke idonta da hancinta. Gwaggo ta riƙa jan ruwa a rijiya tana zuba musu a kasko, amma kafin azahar ya zama taɓo. Gashinsu ya daina sheƙi, ya dunƙule, na wuya ya fara zubewa. Ƙuraje suka feso a jar fatar fuskarsu, sannan idanu suka bi.

Na gama makarantar aikin gona, an tura ni Parakou, ina haya a unguwar Kpébié. Auduga na karanta, ban san ciwon agwagi ba. Abin da na sani, ruwan da ke fita daga idon nan bai kamata ya shiga na mutum ba. Na durƙusa na roƙe ta ta ba ni tandun, in sayo mata sabo.

"Ishaƙu, ubana ya je Gwanja ya dawo da idonsa biyu. Jakinsa ma haka."

Ta ɗaure tandun a bakin zane, ta tashi ta kawo mini fura. Na koma Parakou da abin a raina. A wurin aiki sai in tsinci kaina ina kallon idon mutane.

Ranar wata Laraba Ummuhani ta sauko da Gwaggo daga motar haya a Parakou, tana riƙe da hannunta. Gwaggo ta yafa mayafi har haɓa. Da na ɗaga, idon dama ya kumbura ya rufe, na hagu ya yi ja yana zubar da ruwa. Ashe da ya fara ƙaiƙayi, ƙara kwallin ta yi ta yi.

"Waye wannan?" ta ce.

"Ni ne, Gwaggo."

"To, na ji muryar. Ka rame, ko?" Ta lalubo kuncina da hannu.

A asibiti likita ya wanke idanun, ya ɗiga magani, ya naɗe su duka biyu. Na ba shi labarin tsinken. Ya ce ko daga agwagin ne, ko daga wani wuri, ba zai iya rantsuwa ba. Na dama ya yi nisa. Na hagu kuwa, sai kumburin ya saɓe a kwance naɗin, sannan a san abin da ya rage.

Jiya ta ce in kwance bakin zanenta in ɗauki tandun. Na ɗauka ta haƙura ne. Sai ta ce in ba Ummuhani ta koma da shi Djougou, kada Kwamanda ya wuni ba a sa masa ba. Na ba ta, don na kasa yi mata musu tana kwance cikin duhu.

Yanzu ina zaune a barandar asibiti. Ina jin ta daga ciki tana gaya wa matar da ke gadon kusa yadda ake gane agwagwar da za ta yi kwanci. Likita ya leƙo da safe, ya taɓa naɗin, ya ce ba yau ba. Har yanzu ba mu san ko za ta sake gani ba.