Ƙusa Uku a Leɓe

Shekara ashirin da biyu mai gyaran takalman bakin tasha yana zaune a kan benci ɗaya, har bencin ya lotsa daidai mazaunansa. Ƙusa-a-Baki ake ce masa, don in ya zauna aiki da safe sai ya jera ƙananan ƙusoshi a leɓe, yana zara ɗaya-ɗaya yana bugawa. Baki a rufe, waƙa ba ta da mafita sai hanci. Haka zai yi ta rera ta ƙasa-ƙasa kamar ƙudan zuma, sai hantsi ya dubi ludayi, ƙusa ta ƙare, ya buɗe baki. To, a nan ne mai shayi ke manta tukunya a wuta.

Wata rana wata ma'aikaciyar gidan rediyo ta kawo takalminta da dunduniya ta cire. Ta ji muryar, ta sandare a kan ƙafa ɗaya kamar zalɓe. Ta ce ya zo ranar Laraba ƙarfe goma a ɗauki waƙarsa. Minti goma sha biyar ne rabonsa, in ya wuce shi sai baɗi, don layi ya yi tsawo.

Murna ta sa bawan Allah ya koma gida da guduma a aljihun gaba, ya gaida matarsa sau uku. Kafin magariba duk layin ya ji. Sai ga maƙwabcinsa mai aski, wanda bai taɓa rera ko baiti ɗaya ba, amma ya san komai tun daga tiyata har tuƙin jirgi.

"Manyan mawaƙa wasa murya suke yi kafin su shiga," in ji shi. "Ka fara daga can ƙololuwa, ka wage baki, ka yi ta kakari har maƙogwaro ya buɗe. Ka kora da ruwan ƙanƙara."

Ranar Laraba Ƙusa-a-Baki bai fita aiki ba. Gari na wayewa ya shige banɗaki, inda murya ke amsa kuwwa, ya yi awa biyu yana tsala ihu. Matarsa ta buga ƙofa.

"Malam, waƙa kake yi ko haƙori ake cire maka?"

Tara da rabi shi da matarsa suna barandar gidan rediyo, jakar aikinsa a kafaɗa, don ko gaisuwar mara lafiya ba ya zuwa babu ita. Ya buɗe baki zai gaida mai gadi, abin da ya fito kamar ƙyauren da ya shekara bai ga mai ba.

"Ta tafi," ya raɗa wa matar.

"Ina za ta? Kai ka kore ta da ihu." Ta juya ga mai gadi. "Baba, ara mana takalminka, na ga bakinsa a buɗe. A taimaka kuma da ruwa mai ɗumi."

Ta zaunar da shi a kan matakala, ta jera masa ƙusa uku a leɓe.

"Shekara nawa ina jin ka? Ba ka taɓa buɗe baki ba sai ka gama ta hanci. Yi aikinka. Ko raɗa kar na ji."

Hannu ya san hanya. Guduma ta fara sauka, can sai ga zumar nan ta taso ta hanci, da farko tana ɗingishi, sannan ta miƙe. Ma'aikaciyar ta leƙo, ta ga abin da ake ciki, ta mai da shi na ƙarshe a layi.

Ba duka muryar ta dawo ba, na samanta ya maƙale a banɗaki. Sai ya sauke waƙar ƙasa, ya rera ta a hankali, da kauri. Mai ɗaukar sauti ya manta bai ɗaga hannu ya tsayar da shi ba har aka zarce da minti huɗu. Mai gadi kuwa yana rawa a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu.

Ranar da aka sa waƙar, tasha ta tsaya cak. Mai aski ya ƙure rediyonsa, yana bugun ƙirji da almakashi a hannu.

"Ban gaya muku ba? Ni na wasa muryar nan."

"Ka wasa ta kam," in ji matar Ƙusa-a-Baki. "Saura kaɗan ka aske ta."