Abin da Yaya Ya Faɗa da Hausa

Aikina a wasan kokawar Turawa shi ne riƙe makirfo. In hau dandali, in faɗi sunan ɗan wasa da nauyinsa, in sauko in zauna kusa da ƙararrawa. Lahadi da la'asar muke yi, a wani zauren haya a unguwar Camberwell, a Ingila. Duk shiri ne. Tun a ɗakin canza kaya mai kamfanin, wani Bature mai yawan murmushi, yake faɗin wanda zai ci.

Cikin 'yan wasan akwai wani ƙato ɗan zangon Kumasi, direban bas. Hausarsa ba ta raba mace da namiji, "ka" yake ce mini, ni kuma ina kiransa Yaya. Da mai kamfanin ya ji muna hira sai ya sa abin cikin wasa: Yaya ya yi ruri da Hausa, ni in fassara wa 'yan kallo. Sai ya zare ido ya ce, "Ƙanwa, ka rage mini shinkafa," ni kuma in ce da Turanci ya rantse sai ya karya kowa. 'Yan kallo suna son wannan sosai.

Wata rana ya raɗa mini cewa wani kamfani a arewacin Ingila ya neme shi, zai koma can. Ni kaɗai ya gaya wa, in ji shi. Lahadin da ta biyo aka canza masa abokin karawa, aka kawo wani da ban taɓa gani ba. A al'adar 'yan kokawa, duk wanda ya shigo sai ya bi kowa ya ba shi hannu, har mai shara. Wannan bai gaisa da kowa ba.

Suna tsakiyar wasa baƙon ya ɗaga Yaya ya sake shi ta ka. Faɗuwar shiri tana da ƙara, tana cika zaure. Wannan ba ta yi ƙara ba. Yaya na kwance, idonsa kawai ya juyo gare ni.

"Ƙanwa, wuyana. Ba na jin hannuna. Ka tsai da shi."

'Yan kallo suna jiran fassara, wasu har sun fara dariya. Alƙalin wasa ba ya jin Hausa. Na dubi mai kamfanin, yana bakin labule yana juya yatsa, wai in ci gaba. Baƙon kuwa ya riga ya kama ƙafar Yaya zai ja shi.

Na rarumi 'yar guduma na yi ta buga ƙararrawar tashi daga wasa. Na ce a makirfo kada kowa ya taɓa shi, a kira motar asibiti. Wata mata a gaba ta yi mini tafi, ta zaci cikin shirin ne.

Bayan an fita da shi mai kamfanin ya zo ya dafa kujerata. Bai tambayi jikin Yaya ba.

"Me ya ce miki? Faɗa mini daidai yadda ya faɗa."

Na ce wuyansa.

"Shi ke nan? Bai ambaci kowa ba?"

Na ce bai ambaci kowa ba, amma daga wannan tambayar na fara zargin abin ba tsautsayi ba ne.

Na je duba Yaya a asibiti. An ɗaure masa wuya, yatsunsa sun fara motsi. Likita ya ce da an ja shi, da yanzu wani zancen ake yi. Na zauna na ce, "Yaya, ban da ni, wa ka gaya wa zancen tafiyarka?"

Ya juyo da idonsa gare ni.

"Kai fa, ƙanwa? Wa ka gaya wa?"

Na rantse masa ban gaya wa kowa ba. Ya ce to, ya rufe ido. Ban ga alamar ya yarda ba.

Mai kamfanin ya ci gaba da kirana, wai ya sa ni cikin wasannin wata mai zuwa. Ba na ɗauka. Bas ɗin da ke bi ta gaban zauren ma na daina hawa, gara in sauka tun da nisa in zagaya da ƙafa.