Baba Attahiru Ba Ya Kai Labarin Baki Ɗaya

Baba Attahiru tsohon saje ne, gidansa na wani ƙauye kusa da 'Yandoto. Da ƙuruciyarsa aka tura shi Labanan cikin sojojin kiyaye zaman lafiya, lokacin da Amurka da Rasha ke ja-in-ja, kowace da 'yan korenta a ƙasar. Saboda ya ɗan iya Larabci, sai aka ba shi aikin shiga kasuwanni yana jin abin da ake faɗa, yana kai wa manyansa. A can ya ga yadda kowane ɓangare ke shuka ƙarya don a kama abokin gabansa. Ya dawo da ƙa'ida guda: ba ya kai labari sai ya ji shi daga mutum biyu da ba su ji daga juna ba.

Da 'yan bindiga suka addabi yankin, mai gari ya naɗa shi ya riƙa kai rahoto ga sojojin da ke Tsafe. Ni direban motar hatsi ne, ni nake ɗaukarsa. Aiki da shi sai mai haƙuri. Ka ce masa gada ta karye, sai ya tambaye ka wa ya gani.

Bana bayan girbi aka fara cewa Bashar, wani Bafillace mai shanu da 'yar gona a bayan gari, shi ke kai wa 'yan bindiga labari. Jama'a suka cika ƙofar Baba, suna cewa a miƙa sunan Bashar ga sojoji yau. Kowa ya san wanda aka miƙa sunansa a kan irin wannan zargi ba lallai ya dawo ba.

"Baba, gari duka ya sani," in ji Zaharaddeen mai shayi.

"Kai ka gani?"

"Bala ya faɗa mini."

"To mu je wurin Bala."

Haka muka yini, mota cike da dawa, rana na dukanta. Bala ya ce daga matarsa ya ji. Matar ta leƙo ta bayan zana ta ce a bakin rijiya ta ji, wurin Jummai. Na ce, "Baba, kasuwar Gusau za ta tashi fa." Ya ce in bar ta ta tashi. Jummai kuma ƙanwar Tukur ce, wanda shanun Bashar suka shigar masa gonar wake da damina.

Muka sami Tukur yana sussuka. Baba ya ce, "Malam Tukur, me ka gani da idonka?"

"Na gan shi yana waya a ƙarƙashin tsamiya."

Baba ya ce, "Nan duk garin ke yin waya, ko ni. Ina kuma ake samun sabis?"

Baba ya ƙi kai sunan. Washegari aka ce an saye shi, mutumin da takalminsa ma ɗinki ne a kan ɗinki. Mai gari ya karɓe aikin ya ba wani mai saurin baki.

Baba bai yi musu da kowa ba. Ya tafi rugar Bashar da ƙafa, ya ce masa ya tashi kafin sabon mai kai rahoton ya buga wa sojoji waya. Ni na kwashe mahaifiyarsa Inna Hajjo da ƙorenta da tabarmi zuwa Mada, shi kuma Bashar ya bi daji da shanun. Gonarsa na nan, an bar masarar da bai kwashe ba ga gara. Amma yana raye.