Injiniyan da Ya Koma Ɗaura Dish

A unguwar ba a san shi da wani suna ba sai Mai Dish. Kowace safiya zai ɗaure tsani a bayan babur, ya rataya jakar sifana da waya, ya fita ɗaura wa mutane dish na talabijin. Kaɗan ne suka san ya yi shekara goma sha ɗaya a tashar da ke kula da wani tauraron ɗan'adam.

Ɗakin aikinsa a can ba taga, sai sanyin na'ura da kwamfuta huɗu. Shi ke lissafa hanyar tauraron, kuma in baƙi suka zo shi ake tura musu, don bakinsa ya iya bayani. Yakan ce ba tsayi kaɗai roka take nema ba. Da ta fita daga kaurin iska sai ta karkata gefe, ta yi ta ƙara gudu har kusan kilomita takwas a daƙiƙa. A wannan gudun, abin da ta saki faɗowa yake yi, amma ƙasa tana lanƙwashewa a ƙarƙashinsa, sai ya yi ta zagaya ta bai taɓa ta ba. Baƙin su gyaɗa kai, su tambayi inda za su tsaya a ɗauke su hoto.

Tauraronsu bai yi nisa sosai ba, kuma a can akwai 'yar ragowar iska da ke janyo shi ƙasa a hankali, dole lokaci-lokaci a kunna ɗan injinsa a ɗaga shi. Da man injin ya yi ƙasa, sai darakta ya ce a karkata hanyarsa da ragowar, domin ya bi ta saman wani babban taro ya ɗauko hoto. Sau uku Mai Dish yana rubuta wa darakta cewa in aka yi haka ba abin ɗaga shi kuma. A na ukun darakta ya kira shi ofis, ko kujera bai nuna masa ba.

"Kai lissafi ka sani," in ji shi. "Ni kuwa na san masu sa hannu."

Hoton ya fito tas, aka rataye shi a bakin ƙofa. Bayan wata bakwai tauraron ya nutso cikin iska ya ƙone a saman teku. Aka kafa kwamiti. Takardun nan uku da ya rubuta ba sa cikin fayil, kwamfutarsa kuma an hana shi taɓawa. Abokin aikin da suke cin abinci a kwano ɗaya ya ce shi dai bai tuna ba. Rahoto ya ce kuskuren lissafi ne. Aka sallame shi, darakta ya samu ƙarin girma.

Yayan matarsa, mai shagon kayan lantarki, shi ya ba shi tsani. Da farko in yana kan rufi yakan gaya wa mai gida abin da ya sa dish ba ya bukatar juyawa: tauraron da yake kallo yana can nisan kilomita dubu talatin da shida, zagayensa daidai yake da juyin ƙasa. Wani ya ce masa ya bar wa'azi, an kusa take ƙwallo. Tun daga nan ya kama bakinsa.

'Yarsa ta fari kansa ta ɗauko. A shekararta ta ƙarshe a sakandare ta same shi yana wanke hannu a bakin famfo, ta tambaye shi me ya sa kumbon da ke son cim ma na gabansa a sararin samaniya sai ya rage gudu ya sauko ƙasa kaɗan. Amsar tana bakinsa. Ya ce ya manta. Da ta kawo takardar shiga jami'a ya ga irin karatunsa ta zaɓa, sai ya tura mata ita.

"Ki cike duk abin da kika ga dama, ban da wannan."

Ba ta yi musu ba. Uwar ce ta biyo shi har bakin babur, ta ce mutanen tashar dai shi suka kora, shi kuwa 'yarsa ya kora tun ba ta shiga ba. Ya ta da babur ya tafi.

Yarinyar ta karanci haɗa magunguna, yanzu tana aiki a wani kemis. Ranar hutu takan kawo masa man shafawa don gwiwarsa, su yi hirar ruwan sama da cunkoson hanya, ta gaishe shi da ladabi ta tafi. Ba ta sake tambayarsa komai ba.